Darasi na Goma Sha Huɗu: Karen Azawak

Hausawa kan ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Mafaraucin da ke neman zomo ko barewa a sarari, inda babu kurmin da zai ɓuya a ciki, dole ya nemi abokin aiki mai gudu. A bakin hamadar Sahara, wannan abokin aiki shi ne wani dogon kare da duniya ta sani da sunan Azawak.

Sunan na wuri ne. Azawak wani faffaɗan kwari ne da ya ratsa arewa maso yammacin Jamhuriyar Nijar har ya shiga gabashin Mali. A zamanin da can kogi ne yake gudana a cikinsa, yau kuwa sai rairayi da ciyawar damina. Wanda ya tashi daga Sakkwato, ya bi ta Illela da Birnin Konni har ya isa Tawa, to, ya kusa da bakin kwarin. Garin Abalak a Nijar da garin Menaka a Mali duk suna cikin wannan yanki. Yawancin mazaunansa makiyaya ne, musamman Abzinawa, waɗanda Hausawa kuma suke kira Buzaye, sai Fulani da Larabawa. Abzinawa suna kiran karen oska. Ana samun irinsa har a arewacin Burkina Faso.

Baƙon da ya fara ganinsa yakan zaci yunwa ce ta rame shi, domin ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, ƙasusuwan kwankwasonsa kuma sun fito fili. Ba yunwa ba ce, halittarsa ke nan. Tsayin namiji daga ƙasa zuwa kafaɗa yakan kai santimita 64 zuwa 74, na karya kuwa 60 zuwa 70. Duk da wannan tsayi, nauyin namiji kilo 20 ne zuwa 25 kacal, na karya 15 zuwa 20. Ƙafafunsa dogaye ne, ƙirjinsa mai zurfi, cikinsa a ɗame. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da amfaninsa. Dogayen ƙafafu suna cin ƙasa da yawa a taku ɗaya. Ƙirji mai zurfi yana ba huhu da zuciya wuri. Fatarsa siririya ce, gashinsa gajere, ba shi da kitse, saboda haka zafi yana saurin fita daga jikinsa, har yakan yi gudu a cikin ranar da za ta kwantar da wani kare. Launinsa galibi ja ne ko ruwan ƙasa, sau da yawa da fari a ƙirji da ƙafafu, sai ka ce ya sa safa.

Karnukan farauta iri biyu ne. Wasu da hanci suke aiki, suna bin sawu ta hanyar shinshina. Wasu kuwa da ido: sai sun hango dabba tana motsi, sa'an nan su bi ta a guje. Azawak yana cikin na biyun, kamar salukin ƙasashen Larabawa. Gudunsa yakan kai kilomita 60 a awa, amma juriyarsa ta fi gudun ban mamaki, domin yakan bi barewa har ta gaji.

Ga makiyayi, gadi ya fi farauta muhimmanci. Da dare karen yana kwana kusa da tanti, yana tsare awaki da raƙuma daga dila da kura. Abincinsa shi ne na gidan, wato gero da nono, nama sai ranar da aka yi sa'a. Wannan zama ya shiga halinsa. Yana shaƙuwa ƙwarai da mutanen gidansu, amma ba ya sakin jiki da baƙo, ba ya zuwa yana kaɗa wa kowa wutsiya. Wasu suna kiran wannan girman kai. A ganina kuskure ne a kira shi haka: karen da aka ɗora wa tsaron dukiya a daji, in ya yarda da duk wanda ya zo, ai bai yi aikinsa ba. Ba ya kuma jure tsawa ko duka. Wanda ya hore shi da bulala zai sami kare matsoraci ko mai cizo.

A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, zuwa Yugoslabiya da Faransa. Daga baya ya isa Amurka, inda babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta ƙasar ta karɓe shi cikin jerin nau'o'inta a shekarar 2019. A can abokan gabansa su ne sanyi da ruwan sama, har sai an sa masa riga a lokacin hunturu.

A gida kuwa lamarin ya yi wuya. Farin da aka yi a 1973 da 1984 ya kashe dabbobi masu ɗimbin yawa, ya tilasta wa makiyaya da yawa komawa gari. Barewa ta yi ƙaranci saboda masu harbi da bindiga daga kan mota. Rashin tsaro a yankin Menaka ya ƙara tarwatsa mutane. Karnukan Turai da Amurka kuma daga 'yan tsirarun iyaye suka fito, shi ya sa masu kiwonsu suke neman sabon jini daga karnukan makiyayan Nijar da Mali.

Ma'anar Kalmomi

Karya: macen kare.
Kwari: wuri mai gangare wanda ruwa kan bi.
A ɗame: a matse, babu tumbi.
Fari: rashin ruwan sama na dogon lokaci.

Tambayoyi

1. Daga ina karen Azawak ya sami sunansa?
2. Ta yaya ƙirar jikinsa take taimaka masa a ƙasa mai zafi?
3. Me ya sa ba ya sakin jiki da baƙo?
4. Kalmar "fari" ta fito da ma'ana biyu a wannan darasi. Ku nemo su, ku yi jimla da kowace.
5. Ku rubuta jimloli biyar a kan karnukan farauta na yankinku.