DARASI DAGA KASUWA: WA DA ƘANI SUNA GABA, BAƘO YA WUCE DA CINIKI



Makon jiya bayan karatun Magariba wani ɗan kasuwa ya riƙe ni a bakin masallaci. Ya ce, "Malam, ni da yayana shekara 14 muna shago ɗaya. Yanzu kowa ya buɗe nasa a layi guda. In na sauke farashi ya sauke, in na kawo kaya gobe ka gan su a wurinsa. Ko gaisawa ba ma yi." Na ce masa, to cikin shekara biyun nan waye ya fi ciniki a layin naku? Ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi wani yaro ne da ya zo daga baya." Wannan amsar ce ta sa na zauna rubuta darasin yau, don abin da ya same su ya taɓa samun waɗanda suka fi su jari nesa ba kusa ba.

A ƙasar Jamus akwai wani ƙaramin gari mai suna Herzogenaurach. A nan wa da ƙani, Rudolf Dassler da Adolf Dassler wanda ake kira Adi, suka kafa kamfanin takalman wasanni a 1924. A ɗakin wankin mahaifiyarsu aka fara aikin. Allah Ya raba musu baiwa: Adi gwanin ɗinki ne, yana zama da 'yan wasa ya ji inda takalmi ke cin ƙafa ya gyara. Rudolf kuma mai baki ne, ya san yadda ake shigar da kaya kasuwa. Ka ga kowane yana buƙatar ɗan uwansa.

Sai dai gida ɗaya suke zaune da iyalansu, saɓani ya riƙa taruwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka suka tsare Rudolf, shi kuma ya tsaya a kan cewa ƙaninsa ne ya kai sunansa. A 1948 suka raba dukiya da ma'aikata. Rudolf ya haye kogin Aurach ya kafa Puma a shekarar, Adi ya yi rajistar Adidas a 1949. Garin ma ya rabu biyu, har aka riƙa yi masa laƙabi da garin masu sunkuyar da kai, saboda mutum sai ya kalli takalmin da ke ƙafarka kafin ya san ko zai yi hira da kai.

Ban ce gasar ba ta haifar da alheri ba. A 1954 Jamus ta Yamma ta ci Hangari 3 da 2 a wasan ƙarshe na Kofin Duniya a birnin Bern, ana ruwan sama, fili ya jiƙe. 'Yan wasanta suna sanye da takalman Adi masu ƙusoshin da ake kwancewa a ɗaura dogaye. Wannan gasa ce mai tsafta, gasar inganta kaya. Amma a 1970 'ya'yansu da suka gaji gabar sun yi alkawarin babu wanda zai nemi Pele, don kada farashi ya haukace. Puma ta karya alkawarin. Pele ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmi kafin a take wasa a Meziko, kyamarori suka haska Puma duniya na kallo. Aka samu talla, amana kuma ta ƙara lalacewa.

Rudolf ya rasu a 1974, Adi a 1978. Maƙabarta ɗaya aka binne su, amma wannan a wancan gefe, wancan a wannan gefe.

To ina baƙon? A 1964 a Amurka wani matashi, Phil Knight, da kocinsa na tsere, Bill Bowerman, suka fara shigo da takalma daga Japan. A bayan motarsa Knight yake sayarwa a filayen wasa. A 1971 suka fito da sunan Nike. A shekarun 1970 talakawan Amurka suka rungumi gudun motsa jiki a titi, kasuwa sabuwa fil ta buɗe. Jamusawan nan biyu idonsu na kan juna da kan manyan 'yan wasa, Nike kuma ta bi masu gudun titi, tana ɗinka kayanta a Asiya da araha. A 1984 Michael Jordan, matashin ɗan ƙwallon kwando, Adidas yake so a ransa, amma tayin da Nike ta yi masa ya fi, ta ɗauke shi. Yau Nike ce kan gaba a duniya. Zuriyar Rudolf sun sayar da hannun jarinsu na Puma a 1989, na Adi suka sayar da Adidas ga Bafaranshe Bernard Tapie a 1990. Sunayen suna nan da ƙarfinsu, amma sun fita daga hannun gidan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Misali na biyu, ga waɗanda suka riski zamanin kai fim a wanke hoto. Kodak ta Amurka da Fujifilm ta Japan sun daɗe suna kokawa a kan fim ɗin kyamara. Abin mamaki, injiniyan Kodak ne, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar da ba ta buƙatar fim a 1975. Amma ribar Kodak a fim take da sinadaran wanki da takardar hoto, sai manyanta suka yi ta jan ƙafa kada sabon abu ya kashe tsohon. A watan Janairun 2012 ta kai kanta kotu ta ce ba ta iya biyan basussuka.

Ita ma Fujifilm kasuwar fim ta rushe mata bayan shekarar 2000. Shugabanta Shigetaka Komori ya rage ma'aikata dubbai, sannan ya sa aka zauna aka duba: ban da fim, me muka iya? Suka ga ilimin sinadaran da ke hana hoto koɗewa yana aiki a fatar mutum, suka fito da man shafawa a 2007. Suka ƙara ƙarfi a na'urorin asibiti da magunguna da ledar da ake sa wa gilashin talabijin. Guguwa ɗaya ce ta kaɗa su, ɗaya ya faɗi, ɗaya ya tsaya.

Na uku duk mun shaida shi da idonmu. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, waye bai san ƙarkon Nokia ba? A 2007 kusan wayoyi 4 cikin kowane 10 da ake sayarwa a duniya nata ne. A shekarar ce Apple ta fito da iPhone, a 2008 wayoyin Android suka biyo baya. Mutane suka daina tambayar ƙarko kawai, suka koma tambayar me wayar za ta iya yi. A 2013 Nokia ta sanar da sayar da sashen wayoyinta ga Microsoft. A nan wajenmu kuma Tecno ta lura muna riƙe layi biyu saboda matsalar sabis, ga rashin wuta, sai ta kawo waya mai sim biyu da batir mai daɗewa a farashin talaka. Leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka ga sakamakon.

Ga abin da na tsinta, 'yan uwa:

1. Ka kalli mai saye fiye da yadda kake kallon abokin hamayya. Wanda ya kwana yana lissafin shagon maƙwabci, ba ya jin abin da kwastoma ke nema.

2. Gasa daban, gaba daban. Gasa tana sa ka gyara kayanka, kamar ƙusoshin 1954. Gaba tana sa ka yarda ka yi asara in dai wancan ma zai yi.

3. Abin da ke ba ka riba yau shi ne zai fi rufe maka ido gobe. Kodak ba jahilci ne ya kayar da ita ba, tsoron rabuwa da abin da ta saba ne. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

4. Ka san ainihin abin da ka iya, ba sunan kayan da kake sayarwa ba. Wannan ne ya ceci Fujifilm.

5. In za ku yi tarayya da ɗan uwa, ku rubuta komai tun ana dariya: jarin kowa, rabon riba, da yadda za a rabu in rabuwa ta zo. Rubutu ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga zumunci. Kuma kada ku bar wa 'ya'ya gadon gaba.

Na ce wa mutumin nan, "Alhaji, ba na ce lallai ku koma shago ɗaya ba. Amma gobe da safe ka fara zuwa ka gaida yayanka kafin ka buɗe ƙofa. Sannan ku zauna ku raba kaya, ya riƙe wasu nau'i ka riƙe wasu, wanda ya zo nema a wurinka babu ka tura shi wurinsa." Ma'aikatan Adidas da Puma sai a watan Satumban 2009 suka buga wasan sada zumunta a garin nasu, shekara 61 bayan rabuwa, masu gabar sun daɗe a ƙasa. Ku da kuke da rai kada ku jira haka.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya gyara tsakaninmu da 'yan uwanmu. Wanda ya san masu irin wannan hali ya tura musu.

Wassalamu alaikum.