Kafin ka tsinki barkono, auna wurin zuba shi

Manoma da yawa sai kwanduna sun cika tsakar gida suke fara neman inda za su zuba barkononsu. Wannan lissafi tun kafin tsinka ake yin sa.

Ɗanyen barkono fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, kuma ko an tsinke shi yana ci gaba da numfashi. In ka tara shi tsibi, ko ka bar shi ya kwana a buhun taki, da safe tura hannunka tsakiya: za ka ji ɗumi da danshi, wasu sun fara laushi ta gindin hanci. Ruɓa ta soma ke nan. Tattasai da attaruhu, masu kaurin nama, sun fi saurin lalacewa.

Ɗauki kwando guda, ka baza shi a tabarma cikin inuwa mai iska, kaurinsa kada ya wuce faɗin tafin hannu. Auna filin da ya ci da taku, ka ninka da yawan kwandunan da kake samu a tsinka ɗaya. Sannan ka ƙara wani filin kamarsa. Nan ne akasari ake tafka asara, domin shanya kan kai mako ɗaya zuwa biyu, tsinka ta biyu kuwa ba ta jiran ta farko ta bushe.

Bari raɓa ta kama gabanta kafin ka shiga gona. Ware masu tabo tun a can. Idan damina ba ta gama janyewa ba, tanadi rumfa da tampol a kusa, kuma ka ɗaga shimfiɗar daga ƙasa mai sanyi, nesa da kaji da awaki.