Zaɓen Tsohon Injin Ɗaure Ingirici Don Ƙaramar Gona

Kowace shekara, da zarar rani ya tsananta, kuɗin harawa yakan hau, shanu su rame, alhali kuwa 'yan watanni kafin nan gamba da kyasuwa sun cika daji har gobara ta cinye su. Saboda haka ƙungiyoyin manoma da masu kiwon turke suke sha'awar injin nan da tarakta ke ja, wanda ke kwashe busasshiyar ciyawa, ya matse ta, ya ɗaure ta dami dami masu kusurwa huɗu. Sabo ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, sai dai na hannu, wanda ya riga ya yi aiki a Turai ko Amurka. Da yake akan zo wurin hakimi neman shawara kafin a kashe kuɗin jama'a, malaminsa kuma yakan taimaka da takardun ciniki, ya kamata su san abin da ake dubawa.

Maƙullin igiyar da ke cikin injin ya samo asali daga na wani Ba'amurke, John Appleby, wanda aka yi wa rajistar ƙirarsa a 1878 don injin girbin alkama. A 1940 kamfanin New Holland ya soma ƙera injin da ke ɗebo ciyawa da kansa ya ɗaure, bisa ƙirar wani manomi mai suna Ed Nolt. Tun daga nan tsarin bai sake ƙwarai ba, shi ya sa injin da ya shekara 50 yake iya aiki in an riƙe shi da kyau. Cikin waɗanda manoma suka daɗe suna yabawa akwai New Holland 273 da John Deere 336, dukansu sun yi tashe a shekarun 1970. Amma suna kaɗai ba ya ɗaure dami. Injin da ba a samun kayan gyaransa, ko babu makanikin da ya san shi a kusa, zai kwanta daidai lokacin da ake bukatarsa, kome arahar da aka same shi.

Kafin a yi maganar ciniki, sai a dubi gonar tukuna. Injin nan ba ya yanka ciyawa. Lalle ne a yanke ta, ta sha iska, a tara ta layi layi, sa'an nan ya bi ya kwashe. Yana kuma bukatar fili shimfiɗaɗɗe, wanda aka tumɓuke kututture, aka fasa suri, aka tsince duwatsu. Gona mai kunya takan karya masa haƙora. Tarakta mai ƙarfin doki wajen 35 ta ishe shi, muddin sandar da ke juyawa a bayanta tana juyi 540 a minti.

In an je ganin inji, a fara da kashe tarakta, a juya babban faifan ƙarfen nan na gaba da hannu, sannu sannu. Da haka mai saye zai ga gaɓoɓin duka suna motsi bi da bi. Matsin da ke tura ciyawa cikin akwati ya kamata ya tafi ya komo ba tare da girgiza ba. In yana lilo gefe da gefe, hanyarsa ta cinye. Wuƙarsa da wuƙar jikin akwati su gifta juna kurkusa, gama in rata ta yi yawa damin zai fito da geza, inji kuma ya wahala. A leƙa ƙasan akwatin, nan tsatsa ke fara ci idan an bar ciyawa ciki ta sha ruwa. Sabon fenti a wurin nan abin tuhuma ne.

Wurin da ya fi kowane bukatar natsuwa shi ne wajen ɗauri. Allura biyu ke tasowa daga ƙasa, kowace da igiya, su miƙa ta ga maƙullai biyu da ke sama. A cikin maƙulli akwai wani ɗan ƙarfe kamar bakin tsuntsu, shi ke juyawa ya ƙulla, wata 'yar wuƙa ta yanke. Duk wannan cikin ƙiftawar ido ne, kuma tilas allurai su fita daga akwati kafin matsi ya dawo. In sarƙa ta saki, lokacin ya goce, sai matsi ya ragargaje su. Domin haka masu ƙira suka sa wani ƙarfe da ke tare matsin in allurai na ciki. A tabbata yana nan, yana kuma motsi. Allurar da aka yi wa walda shaida ce an taɓa yin wannan ɓarna, sai a tambayi dalili. Haka nan akwai wata ƙusa a jikin faifan wadda da gangan aka yi ta don ta karye in inji ya haɗiyi dutse ko itace. Wasu sukan gaji da canja ta, su sa mai tauri. Injin da aka yi wa haka, Allah kaɗai ya san abin da ya lanƙwashe a cikinsa.

Bayan wannan duka, kada a biya sai an gwada shi da ciyawa. Dami biyu ko uku ba gwaji ba ne. A sa shi ya ɗaure kamar 30 a jere, ana ƙirga waɗanda suka kwance, ana duba ko tsawonsu ɗaya ne, ko suna fitowa a karkace. Mai sayarwa da ya ce babu ciyawar gwaji, a ce masa za a kawo.

Akwatin irin waɗannan injuna yawanci inci 14 ne da 18, damin kuma tsawonsa wajen ƙafa 3, nauyinsa kusan kilo 20, watau abin da mutum ɗaya ke ɗauka. Kowane dami yana cin igiya wajen ƙafa 18, saboda haka ƙunshin igiya mai ƙafa 9,000 zai ɗaure dami 500 ko kusa da haka. Malami ya sa wannan cikin lissafin ƙungiya tun da fari, gama igiyar kasuwa ba ta shiga maƙulli, sai wadda aka yi dominsa. Ta roba gara ba ta cinta, amma a riƙa tsince ta bayan an kwance dami, don dabba kan haɗiye ta ta cutu. Injin da ke ɗauri da waya gara a bar shi.

A takardar ciniki malami ya rubuta sunan kamfani, da lambar samfuri, da lambar da aka buga a farantin jikin inji, domin da su ake neman kayan gyara. Ya nemi littafin aiki da na kayan gyara, ya ajiye su tare da rasit.

Akwai gargaɗi biyu da ya kamata hakimi ya isar ta bakin dagatai. Ciyawar da danshinta ya wuce kashi 20 cikin 100 ba a ɗaure ta, gama takan yi fumfuna, ta yi zafi a rumbu, wani lokaci har ta kama wuta. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa in sun bushe ƙurmus ganye ke zubewa, ganyen nan kuma shi ne abincin, sai a ɗaure su da sassafe. Na biyu, kada kowa ya kusanci sandar tarakta da babbar riga ko rawani a sake, kada kuma a sa hannu cikin inji sai an kashe tarakta, faifan ya tsaya cik.