Darasin Mako: Haɗa Waƙa da Yaran Islamiyya ta Wayar Hannu



'Yan'uwa, duk mazaunin Fatakwal ko Anacha ko Inugu ya san wannan: ka yi wa ɗanka magana da Hausa, ya ba ka amsa da Buroka. Ba laifinsa ba ne, abin da yake ji a layi ke nan. To amma in muka zuba ido, wata rana za a kai shi gida gaida kakarsa sai an nemo tafinta.

Magabata sun riga mu sanin amfanin waƙa wajen koyarwa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta karantar da matan karkara. Jajojinta su haddace, su koma ƙauyuka su rera wa 'Yan Taru. Abin da aka rera ya fi zama a ka.

Ga yadda malami zai yi. A raba yara biyar-biyar, a ba su batu ɗaya, misali alwala. Kowane yaro ya kawo ɗango ɗaya, an samu baiti ƙwar biyar ke nan. A tsayar musu da amsa-amo tun farko, kamar kowane ɗango ya ƙare da "wa". Sai a kunna na'urar ɗaukar murya ta waya, su rera, a sake kunna musu.

Nan ne darasin yake. Yaro in yana rerawa ba ya jin kuskurensa, amma da ya ji muryarsa daga waya sai ka ga ya kyalkyale da dariya ya ce, "Malam, nawa ya yi tsawo!" Kar malami ya yi saurin gyarawa. A bar su su ƙirga gaɓoɓin da yatsu, su yi gardama, su canja kalma. A cikin gardamar nan ne za su bambance gajeren wasali da dogo, kuma duk da Hausa ake yin ta. Yaron da ba ya buɗe baki a aji ma, in ya san ɗangonsa ake jira, dole ya yi magana.

Mai kwamfuta na iya sauke Audacity, kyauta ce. Ana ɗora muryar jagora daban, ta 'yan amshi daban, a haɗa su, har ƙarar janareta tana ragewa.

Batun kiɗa kuwa, malamai sun yi saɓani a kai, kuma ba aikin aji ba ne raba wannan gardama. Murya zalla ta ishe mu, a bar manhajojin da ke zuba kiɗa da kansu.

Kafin a tura muryar yaro ko'ina, a nemi izinin iyayensa. In sun yarda, su tura wa kakanni ta WhatsApp. Ban da zubawa a TikTok, kuma wayar ta zauna a hannun malami har a tashi.