Na Sabunta Na'urar Makaranta, An Ci Mini Fuska

Allah ya gafarta Malam, ina rubuto maka wannan takarda zuciyata a ƙuntace, kwana huɗu ke nan ban runtsa da kyau ba.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi. A shekarar 2020, da annoba ta rufe makarantu, ni na haɗa na'urar da ke ɗauke da shafin makarantar na intanet, inda iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu, kuma tun daga ran nan ni ke tayar da ita in wuta ta ɗauke, ni ke kakkaɓe mata ƙura, ba a taɓa ƙara mini ko sisi a kan albashina ba. Ranar Alhamis da dare, saura kwana biyu a saki sakamakon zango, na ga saƙon da ta daɗe tana nuna mini cewa akwai sabuwar Ubuntu, babbar manhajar da ke tafiyar da ita, na ce bari in yi wa makaranta alheri. Ta yi tambayoyinta na amsa, ta mutu ta tashi, ina shiga cikinta lafiya lau, amma shafi ya ƙi buɗewa. Na kashe na kunna ya fi sau goma.

Ranar Asabar iyaye suka yi ta kira. Mai makaranta ya shigo ofishin malamai, a gaban mutanen da wasunsu ni na koyar da su, ya dube ni ya ce, "Wa ya aike ka?" Malam, wannan kalma ce ta tsaya mini a rai. Duk shekarun da na'urar nan ta yi tana aiki ba wanda ya tambayi wanda ya aike ni, ba wanda ya ce sannu. Sai yau. Shin laifina ne? Yaya zan mayar da tsohuwar, ko in goge kome in fara daga farko? Ko kuwa in ajiye musu mabuɗinsu, su nemo wanda za su aika?

Naka, Mai Neman Nasiha, daga Gusau.

*

Ya ɗan'uwana, na karanta takardarka har sau biyu, na ji zafin da ke cikinta, kuma ban raina shi ba. Sai dai na nemi kalma guda daga bakin na'urar kanta, wadda ita ce ake ƙara a kanta, ban samu ba. Ka gaya mini abin da mai makaranta ya faɗa harafi da harafi, alhali ba ka gaya mini lambar Ubuntun da ka baro ba, ko wadda ka koma, ko sunan manhajar da ke miƙa wa jama'a shafin, balle abin da ta rubuta sa'ad da ta ƙi tashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Alƙalin da ya yanke hukunci bai saurari shaida ba ya yi zalunci ko da hukuncin ya dace da gaskiya, kuma mutumin da ya kashe na'ura ya kunna sau goma bai karanta bayaninta ba, lalle ya yi kama da wannan alƙali.

Tun da ka ce a 2020 ka haɗa ta, zan yi ƙiyasi cewa Ubuntu 20.04 ce ka baro ka koma 22.04, wadda ta fito a watan Afrilu na 2022, kuma Apache ke ɗauke da shafin, an rubuta shi da PHP, kamar yadda aka saba a irin waɗannan shafuka. In haka ne, to mas'alarka sananniya ce. Tsohuwar ta zo da PHP 7.4, sabuwar kuwa da 8.1, kuma sau da yawa sabuntawa takan ɗauke tsohon reshen da ke haɗa Apache da PHP, ta bar sunansa a cikin jerin abin da Apache zai ɗauka in ya tashi. Shi kuwa idan ya nemi fayil ɗin da aka ambata masa bai same shi ba, ba ya tsallakewa ya ci gaba, tsayawa yake yi cak. Shi ya sa kake shiga na'ura lafiya amma ƙofar waje a rufe.

Kafin ka taɓa kome, ka samo faifan ajiya na waje, ka kwafe jakar /var/www da ta /etc/apache2, ka fitar da rumbun bayanan yara da umarnin mysqldump. Sabunta babbar manhaja ba ta share waɗannan, don haka ina kyautata zaton sakamakon ɗalibanka na nan daram. Sa'an nan ka rubuta sudo apachectl configtest, ka karanta amsar a tsanake, domin za ta ambaci fayil da lambar layin da ta yi tuntuɓe. In ka ga sunan libphp7.4.so, sai ka cire tsohon da a2dismod php7.4, ka girka libapache2-mod-php8.1 tare da php8.1-mysql, ka kunna sabon da a2enmod php8.1, ka sake tayar da Apache.

Kada ka yi saurin murna in ya tashi. Ka buɗe shafin da kanka tukuna, domin in reshen bai kama ba, Apache na iya miƙa wa baƙo rubutun manhajar tsirara maimakon ya aiwatar da shi, kuma a cikin irin wannan rubutu ne kalmar sirrin rumbun bayanai take zaune. In ka ga haka, rufe shi nan take ya fi alheri. In kuwa farin allo ka gani, to ka leƙa kundin kurakurai, wato /var/log/apache2/error.log, ka duba layukan ƙarshe. Tun daga PHP 8.0 aka cire wasu tsofaffin ayyuka, irin su each da create_function, aka kuma mai da wasu kurakuran da a da gargaɗi kawai ake yi a kansu abin da ke tsai da shafi ɗungurungum, saboda haka rubutun da aka yi don 7.4 yana iya bukatar gyara, layi bayan layi, kuma kundin zai nuna maka kowanne. Akwai wani ƙaramin abu da ke cizon mutane daga baya: saitin da ka yi a /etc/php/7.4 ba ya bin ka zuwa /etc/php/8.1, kuma iyakar girman fayil ɗin da ake ɗorawa takan koma megabait 2, sai ka ga hotunan yara sun ƙi hawa. Tambayoyin nan da ka ce ka amsa kuwa, in a cikinsu ka yarda a musanya fayilolin saitinka da sababbi, tsofaffin na nan a gefe da .dpkg-old a ƙarshen sunansu.

Maganar mayar da tsohuwa ba ta da hanya ingantacciya ga wanda bai ɗauki kwafi ba tun farko, kuma kulawar kyauta da ake yi wa 20.04 ta ƙare a watan Mayu na 2025. Ta gogewa kuwa ba zan tsaya a kanta ba.

Ka tambaye ni ko laifinka ne. Sabuntawar ba laifi ba ce, wajibi ce ma, domin na'urar da ke fuskantar duniya ba a barin ta ba gyaran tsaro. Laifin yana ga lokacin da ka zaɓa, gama ba a fafe gora ranar tafiya, da kuma shiga wannan aiki ba kwafin ajiya, ba sanar da mai wuri. Shi ma mai makaranta ya yi kuskure babba, domin nasiha a bainar jama'a tozartawa ce, kuma wanda ya ci moriyar aikin mutum shekara da shekaru bai gode ba, bai kamata muryarsa ta fi ta kowa ba ranar da aka yi tuntuɓe.

Amma ni abin da ya fi damuna a takardarka shi ne abin da ba ka ɗauke shi damuwa ba. Sunayen 'ya'yan mutane da makinsu da lambobin iyayensu amana ce, kuma wannan amana tana zaune a cikin akwati guda, a ɗaki guda, iliminta a kan mutum guda, ba a rubuta shi ko'ina ba. Da faifan cikin na'urar ne ya ƙone, ko kai ne Allah ya jarrabe ka da jinya, da ba umarnin da zai dawo da ita. Na sha faɗa a wannan fili, kuma zan ci gaba da faɗa, cewa duk mai riƙe da na'urar jama'a ya ajiye littafi na takarda kusa da ita, ya rubuta kwanan wata da abin da ya canza da dalilinsa, yadda malamanmu ba su taɓa dogara ga hadda kaɗai ba sai sun haɗa ta da alƙalami.

Kada ka ajiye mabuɗi alhali shafi na kwance, domin za a ce ka ɓata ka gudu, kuma yaran da ke jiran sakamako ba su yi maka kome ba. Ka gyara tukuna. Bayan nan ka sami mai makaranta shi kaɗai, ka faɗa masa cikin ladabi cewa kalmarsa ta yi maka ciwo, ka amsa naka kuskuren, sa'an nan ka nemi a saya maka faifan ajiya, a haɗa ka da malami na biyu da za ka koya wa aikin, a kuma rubuta wannan hidima cikin aikinka da ladanta. In amsar configtest ta saɓa wa ƙiyasina, ka kwafo mini ita yadda take, tare da layuka ashirin na ƙarshen kundin kurakurai, ka cire kalmomin sirri, zan duba in sha Allahu a fitowa ta gaba.