Gudu a Hanyoyin Gonakin Kalfu

Samarin Tawa da Kalfu masu son motsa jini, ba dole sai kun bi kwalta kuna shaƙar hayaƙin babura ba. Hanyoyin ƙafa da ke ratsa gonakin gero sun fi sauƙi ga gwiwa, amma suna da ladabinsu.

A fita bayan sallar asuba. A watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki na Adar yakan haura digiri 40, duk wanda ya bari rana ta ɗaga yana wasa da lafiyarsa. A ɗauki gorar ruwa, a kuma gaya wa na gida inda aka nufa.

Takalmi shi ne babbar magana. Ƙasar nan iri biyu ce: rairayi a kwari, tsakuwa mai kaifi a kan fako. Silifa ba ta yi. Da kaka ƙarangiya takan manne wa safa har ta huda fata, ga ƙayar aduwa a gindin itatuwa, ga kububuwa da ke lafewa cikin duwatsu. Ido ya riƙa riga ƙafa sauka.

Da damina kada a ratsa shuka, kada a taka bakin tassa ko rabin-wata. Da gumi manomi ya haƙa su don tare ruwa, ɓata su zalunci ne. In hadari ya haɗo, a nisanci korama, don ruwanta kan taho daga tudu ba sallama.

In kun iske garke a burtali, ku koma tafiya, ku yi wa makiyayi sallama, sai kun wuce karnukansa sannan ku ci gaba da gudu.