Ga Malamin da Turancin Littattafan Bita Ya Ɗaure wa Kai

Wani malamin firamare ya rubuto mini yana cewa an raba musu wata maƙala ta Turanci a kan hanyoyin yi wa yara bitar karatu, ya zauna da ita da ƙamus a gefe, ya san ma'anar kowace kalma ita kaɗai, amma da ya haɗa su sai zancen ya ƙi zama. Yana tambaya ko ƙarancin Turancinsa ne ya jawo haka.

Malam, Allah ya ƙara basira. Ka kwantar da hankalinka, domin ko Baturen da aka haifa a Landan, muddin ba a aikin koyarwa yake ba, sai ya yi turus a kan wasu daga cikin waɗannan maganganu. Malamanmu na fiƙihu tun da can sun bambance ma'anar kalma a lugga da ma'anarta a isɗilahi, shi ya sa suke cewa salla a lugga addu'a ce, a isɗilahi kuwa ibada ce mai ruku'u da sujada. Kai kuma abin da ya same ka shi ne ka tafi ƙamus neman lugga, alhali marubucin da isɗilahin masu tarbiyya yake magana.

Maganin abin shi ne, duk inda magana ta cije maka, ka daina tambayar abin da kalmar take nufi, ka tambayi kanka: a nan me malami yake yi, me yaro yake yi, kuma a wane lokaci na darasi? Ɗauki "cold calling", wadda littafin Doug Lemov, wani malami a Amurka, ya yaɗa ta tun 2010. Babu ruwanta da sanyi. Nufinta malami ya jefa tambaya, ya ɗan dakata, sa'an nan ya kira sunan yaron da ya ga dama, ko ya ɗaga hannu ko bai ɗaga ba, don kowa ya zauna cikin shiri. "Exit ticket" kuwa 'yar takarda ce da yaro zai amsa tambaya ɗaya ko biyu a kanta kafin a tashi, "low-stakes quiz" kuma gajeren gwaji ne wanda makinsa ba ya ɗaga yaro ba ya kayar da shi.

Wadda na fi jiye maka tsoronta ita ce "retrieval practice", domin a nan ne mutum yake zaton ya fahimta alhali ya kauce. Da yawanmu in an ce bita, abin da ke zuwa ransu shi ne a sake buɗe littafi, malami ya maimaita, yara su bi shi da baki. Marubutan nan kuwa akasin haka suke nufi, wato a rufe littafin, a goge allo, yaro ya lalubo abin daga ƙwaƙwalwarsa da kansa, ko da zai yi tuntuɓe. Hujjarsu tana da ƙarfi. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gaggawa a farkon lokaci bayan koyo. A 2006 kuma wasu masu bincike, Roediger da Karpicke, suka gwada ɗalibai a Amurka, suka tarar waɗanda suka yi ta maimaita karanta matani sun fi tunawa bayan minti 5, amma bayan mako guda waɗanda aka sa su tuno shi da ka su ne a gaba. Wanda ya taɓa zama a makarantar allo ba zai yi mamaki ba, gama ya san haddar da ba a yi mata tilawa da ka, ba ta daɗewa a zuciya. Haka nan "spaced practice" ba ta nufin fili ko sarari. Nufinta a rarraba muraja'a, yau kaɗan, jibi kaɗan, wani mako kuma a sake waiwayowa.

Saboda haka ka riƙa karanta sakin layin da maganar take ciki har ƙarshe kafin ka yanke hukunci, domin galibi marubuci yakan kawo misalin aji a ƙasa, misalin nan kuwa shi ne sharhin da kake nema. Ka keɓe ɗan littafi, ka rubuta kowace magana da abin da za ka aikata a aji da Hausarka, ka kuma kai wa abokin aikin da ya riga ka shiga hidimar ya duba. In ka tashi gwadawa, fara da abin da wani masani, Barak Rosenshine, ya ba da shawara a 2012: minti 5 zuwa 8 na farkon darasi a yi su a kan karatun jiya. Kai kuma ka sa a rufe littattafai. Inda yara suka yi yawa, takarda kuma ta yi ƙaranci, bangon baya na littafin aikinsu ya wadatar. Su rubuta amsa, su ɗaga, kai kuma ka zaga layi-layi kana dubawa.